An gwada ango an same shi da ƙanjamau, saura sati uku biki

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu sani ku taimaka mini, kaina ya kulle. Ƙanwata ce za a aurar, an sa rana, an kawo lefe, saura sati uku ɗaurin aure. Shekaranjiya suka je gwajin kafin aure. Ita lafiyarta ƙalau, shi kuma an same shi da HIV. Da aka tsare shi bai yi gardama ba, ya ce ya sani, shekara huɗu ke nan yana shan magani, wai likitansa ya ce cutar ta kwanta, ba zai iya sa wa mace ba. Ya ce sau da yawa ya yi niyyar faɗa mata, bakinsa ya yi nauyi. Yanzu gidanmu ya rabu biyu. Baba ya ce a mayar musu da akwatunansu. Yarinyar kuwa ba ci ba sha, sai kuka, ta ce ita tana son abinta. Tambayata ita ce: da gaske mai wannan cuta zai zauna da mace bai shafa mata ba? 'Ya'yan da za su haifa fa?

Ɗan_Fagge:
Hajiya wace shawara kuma kike nema? Allah ya tona asiri tun kafin a ɗaura, ku gode masa ku mayar da kaya. Maza ba su ƙare ba.

Ummu_Sultan:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya zaɓa mata mafi alheri, ya sanyaya mata zuciya. Ku riƙa zama kusa da ita a 'yan kwanakin nan, kada ku bar ta ita kaɗai a ɗaki.

Nas_Bilki:
Maman Hanif, ni nas ce, shekara tara ina aiki a sashen da ake ba da wannan magani. Maganar da ya faɗa tana iya zama gaskiya, amma ba da baki ake tabbatar da ita ba.

Ki fara raba abu biyu. HIV ita ce ƙwayar cutar. Ƙanjamau kuwa shi ne matakin da mutum yake kaiwa idan ƙwayar ta cinye sojojin jikinsa, waɗanda muke kira CD4. Mai lafiya yana da su daga 500 zuwa sama, idan suka faɗo ƙasa da 200 sai tarin fuka da zawo da rama su samu ƙofa. Mai shan magani yadda ya kamata ba ya kaiwa can.

Maganin yanzu ƙwaya ɗaya ce tal a rana, ana ce mata TLD, haɗin magani uku ne a ciki. Ba ta kashe cutar gaba ɗaya, amma tana hana ta hayayyafa har ta ragu ta yadda na'ura ba ta iya ƙirga ta a jini. Akwai gwajin da ake yi na yawan ƙwayar cutar. Idan ya nuna ƙasa da 200, kuma mutum ya ɗore a haka yana shan maganinsa, ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya. Don haka abin da za ku nema shi ne takardar wannan gwaji. Kada ku karɓi wadda ya kawo da hannunsa. Shi da ita da babba ɗaya daga gidanku su tafi asibitin da yake karɓar magani, da izininsa a buɗe katinsa, a ga ko yana zuwa a kan lokaci, a sake ɗibar jini.

Batun 'ya'ya kuma, jariri daga uwa yake ɗauka, a ciki ko wajen haihuwa ko shayarwa. Muddin uwa ba ta da ita, ba ta inda zai samu daga uba.

Ɗan_Fagge:
Nas da girmanki, wannan ai maganar takarda ce. In 'yarki ce za ki ba shi?

Nas_Bilki:
Malam, in na ga sakamakonsa da idona kuma na yarda da halinsa, cutar ba za ta hana ni ba. Abin da zai tsaya mini a rai shi ne ɓoyewar da ya yi.

AbuHafsat_Zariya:
To nan ne ni ma nake. Kowa ya tafi kan cuta, an bar ainihin laifin. Mutumin nan shekara huɗu yana sane, ya zo zance, ya kai kuɗin gaisuwa, aka sa rana, ya kawo lefe, bai buɗe baki ba. Da babu dokar gwaji fa? Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Cuta jarrabawa ce, ba laifi ba ce, amma rufe aibin da zai shafi wani a cikin aure ha'inci ne. Kuma ku lura, lafiyar yarinyar nan gaba ɗaya za ta rataya ne a kan amanarsa, cewa kullum zai haɗiyi ƙwayar nan. Wanda ya iya ɓoye abu babba haka, ranar da ya gaji da magani zai faɗa mata?

Dakta_MK:
Malam Abu Hafsat ya taɓo wuri mai muhimmanci, zan dawo kansa. Amma Ɗan Fagge, ba maganar takarda ba ce kawai. An bibiyi ma'aurata 888 a ƙasashen Turai 14, ɗaya yana da cutar yana shan magani, ɗaya ba shi da ita. An ƙirga saduwa kusan 58,000 ba tare da kwaroron roba ba, kuma ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. A 2016 aka fitar da sakamakon. Mu ma nan muna ganin irinsu a asibiti, miji yana da ita mata ba ta da ita, ko akasin haka, shekara goma suna tare da 'ya'yansu.

Damuwar Abu Hafsat kuma tana da magani. Akwai abin da ake kira PrEP, ƙwaya ce da wanda ba shi da cutar yake sha kullum don kariya, to ita amaryar tana iya riƙe nata makamin a hannunta. Sannan ta riƙa raka shi asibiti, ta ga sakamakon gwajinsa duk lokacin da aka yi, ita ma ana gwada ta lokaci zuwa lokaci. Ba ina cewa a ɗaura ko a fasa ba ne. Ina so ne duk abin da za a yanke a yanke shi da sani.

Mai_Haƙuri22:
Na daɗe a zauren nan ban taɓa magana ba, yau zan yi. Ni ina ɗauke da ita, shekara goma sha ɗaya. A wajen awon cikina na fari aka gano. Ban taɓa sanin wani namiji ba sai mijina, kuma shi ma da aka gwada shi ya rantse bai san yana da ita ba. Ranar da aka faɗa mini na zauna a bakin titi na rasa hanyar gida. A raina na gama mutuwa, har na fara tunanin wa zai riƙe abin da zan haifa.

Aka ɗora ni a kan magani a ranar. Da na haihu aka ba jaririyar wani maganin ruwa, aka gwada ta tana da sati shida, aka sake bayan yaye, ba ta da komai. Yanzu 'ya'yana uku, duka lafiyarsu ƙalau, kuma duka na shayar da su. Ina sana'ata, ina azumina, da daddare nake shan ƙwayata don haka watan Ramadan bai taɓa hana ni ba. In kin gan ni a gidan biki ba za ki ware ni ba.

Abin da ya fi cutar ciwo shi ne baki. Wata 'yar uwata da na amince wa ta faɗa wa mutum ɗaya, kafin wata ya zagayo an ware mini kofi a gidanmu, an hana 'yata wasa da 'yan uwanta. Don haka Maman Hanif, ba na goyon bayan ɓoyewar da ya yi, bai kyauta ba. Amma na san irin tsoron da yake ɗaure harshe. Ko kun fasa, don girman Allah ku rufa masa asiri. Ku ce jini ne bai haɗu ba.

Ummu_Sultan:
Allahu akbar. 'Yar uwa kin sa ni hawaye. Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya miki zuri'a.

Sadiq_Bauchi:
Ni tambayata a ina ya samo ta? Saurayi ne fa. Wannan ai ya nuna irin rayuwar da ya yi.

Maman_Hanif:
Ba saurayi ba ne, ya taɓa aure, matar ta rasu. Ban san ta inda ya samu ba, ban kuma tambaya ba.

Baba_Malami:
Sadiq ɗana, ka ji tsoron Allah da zato. Yanzu ka karanta labarin baiwar Allah da ta samu a ɗakin aurenta. Akwai yaran da aka haife su da ita tun kafin magani ya wadata, yau sun kai munzalin aure. Akwai wanda aka ƙara wa jinin da ba a tantance ba.

Ni na ga zamanin da ake ce mata kabari salamu alaikum. A shekarun 1990 mutum zai rame ya zama ƙashi da rai, a ce sammu ne, a yi ta yawon gidan masu magani har ya cika, bayan shekara biyu matarsa ta bi shi, wani lokacin ma ta riga ta auri wani. Ba mai furta sunan cutar. Ina tuna 1997 da mawaƙi Fela ya mutu, yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya taɓa zama ministan lafiya, ya fito ya faɗa wa duniya abin da ya kashe ƙaninsa. Mutane suka yi ta mamaki. Mandela ma haka ya yi a 2005 da ɗansa ya rasu. Mu nan har yau muna inda muke wajen kunya, alhali magani ya yi nisa ya bar mu.

Hajjo_Gombe:
Baba tunda an zo nan, ni wanzamai ne suke ba ni tsoro. Aska ɗaya a yi wa jariri goma, a cire beli, a yi kaciya, a yi ƙaho. Ga masu yankan farce da suke yawo da almakashi ɗaya kasuwa-kasuwa. Sauro fa, yana ɗauka?

Dakta_MK:
Sauro ba ya yaɗa ta, Hajiya. Haka gaisawa, cin abinci a kwano ɗaya, kofi, banɗaki, gumi, duk babu. Hanyoyinta su ne saduwa, jini, da uwa zuwa ɗa. Aska mai ɗanyen jini tana iya kawo ta, amma abin da na fi jin tsoro a askar wanzami shi ne ciwon hanta nau'in B. Ya fi HIV saurin kamu nesa ba kusa ba, kuma ƙwayarsa tana iya kwana bakwai a jikin ƙarfe tana da rai. Shi ma ana ɗaukarsa ta saduwa, yana cin hanta a ɓoye shekara da shekaru. Masu shi a ƙasar nan sun ninka masu HIV sau da yawa, amma ba wanda yake ware musu kofi. Sa'ar da aka yi yana da rigakafi: ana yi wa jariri a cikin awa 24 da haihuwa, sannan a sati 6, 10 da 14. Babba ma yana iya yi in an gwada ba shi da shi. Ki sayi sabuwar reza ki ba wanzami da hannunki, ba rashin kunya ba ne.

Zee_Kaduna:
Don Allah ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Ni ciwon sanyi ne ya dame ni, shekara biyu. Na sha magani a kemis ya fi a ƙirga, na sha na gargajiya, sai ya lafa ya dawo. An ce a banɗakin makaranta na ɗauka.

Nas_Bilki:
Zee, kalmar sanyi ɗin nan ta rufe cututtuka da yawa, shi ya sa ake wahala. Akwai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo, wannan ko budurwa tana yi, ba ta saduwa ake samu ba, yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai ma yana jawo shi, haka yawan tsarki da sabulu mai ƙamshi da cushe-cushen kayan mata. Akwai kuma na saduwa, irin gonoriya da kilamidiya da tunjere. Waɗannan ba a ɗaukarsu a banɗaki. Namiji yakan ga mugunya da zafin fitsari ya gane da wuri, mace kuwa sau da yawa ba ta jin komai har ciwon ya hau ya toshe mata hanyar ƙwai, a zo ana neman haihuwa babu, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa. Tunjere yana farawa da ɗan gyambo marar zafi ya warke da kansa, mutum ya ɗauka ya rabu da shi, alhali ya shige jini, yana sa ɓari da haihuwar jariri ba rai. Allurar fenisilin ce maganinsa. Gonoriya kuma ta daina jin yawancin kafson da ake saya a kemis, yanzu sai allura.

In kina da aure, dalilin dawowar ciwon yana iya zama ke kaɗai ake yi wa magani. Dole a haɗa da maigida, in akwai abokiyar zama ita ma. Ki je asibiti a ɗauki ruwan a gwada, ki daina canki-canka.

Zee_Kaduna:
Ina da aure, mu biyu ne. Maigidan ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba inda za shi.

Hajjo_Gombe:
Halin da yawansu ke nan. Ki samu wanda yake jin nauyinsa, ko ki roƙi likita ya rubuto takarda ya ce yana son ganinsa. Nawa da haka aka samu ya je.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum daga Maraɗi. Mu nan sida muke ce mata. Magani kyauta ne a likita kamar wajenku, matsalar ita ce mutane suna tafiya wani gari karɓowa don kada a gan su a layi, in kuɗin mota ya yanke sai a yi fashin sha. Maza da yawa namu suna tafiya ci-rani su shekara, su dawo ba wanda yake gwaji. Dokar da aka ce an yi a Kano ta gwaji kafin aure, da gaske tana aiki?

Ɗan_Fagge:
Dokar tana nan, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa mata hannu a 2024, ta haɗa da HIV da ciwon hanta da gwajin sikila. Tun kafin ita ma Hisbah ba ta aurar da zawarawa sai an gwada. Amma ni da kunnena na ji wani yana cewa takardar ya saya bai ba da jini ba. Shi ya sa na ce Hajiya ta gode wa Allah nasu ya fito.

Dakta_MK:
Ko an yi gwajin da gaskiya akwai abin da ya kamata a sani. Gwajin da ake yi na ɗigon jini a yatsa ba ƙwayar yake gani ba, martanin jiki yake gani, kuma wannan yana iya ɗaukar har wata uku kafin ya bayyana. Wanda ya ɗauka sati biyu kafin gwaji zai fito ba shi da ita, a lokacin kuwa ya fi kowa yaɗawa. Shi ya sa ya fi kyau a yi sau biyu, tun kafin sa rana sannan dab da biki. Da an yi haka a gidan su Maman Hanif da ba a kai ga lefe ba. Kuma mu sani, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne suke ɗauke da ita a Najeriya, kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49. Wanda ya san matsayinsa yana shan magani bai kai wanda bai taɓa gwaji ba haɗari.

Ƙari ɗaya don amfanin kowa: wadda aka yi wa fyaɗe, ko ma'aikacin da allura ta soke shi, akwai maganin gaggawa da ake kira PEP. A fara shi kafin awa 72, a sha kwana 28. Kada a tsaya sasanci a gida lokaci ya wuce.

Maganin_Gado:
Hajiya akwai maganin da yake wanke ta gaba ɗaya cikin wata uku da yardar Allah, mun gada ne. Ki yi mini magana ta akwatin sirri.

Shugaban_Zaure:
Malam na goge lambar da ka sa, kuma kada a sake. Ba ma tallar wannan a nan.

Mai_Haƙuri22:
Na gode shugaba. A ƙungiyarmu ta masu shan magani mun binne mata biyu saboda irin wannan. An ce musu sun warke, suka ajiye ƙwaya, suka je gwajin yawan cuta aka ce ba a gani ba, suka ɗauka maganin gargajiyar ne, alhali ƙwayar da suka bari ce ta yi aikin. Kafin shekara ta dawo da ƙarfinta.

Baba_Malami:
Shugaban ƙasa guda ma ya yi wannan. Yahya Jammeh na Gambiya a 2007 ya ce yana warkar da ita da ganyaye, ya sa marasa lafiya suka bar maganin asibiti, an rasa rayuka. Mun yi imani Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta, amma wannan ba hujja ba ce ta miƙa wuya ga duk wanda ya ce shi ya gano.

Sadiq_Bauchi:
Baba na karɓi gyara a kan zato, Allah ya yafe mini. Amma ga wata. Maganin nan ai tallafin waje ne ya fi yawa a ciki. Kowa ya ga yadda hankali ya tashi a farkon 2025 da Trump ya dakatar da tallafin Amurka. In wata rana aka ce babu, yarinyar nan ina za ta sa kanta?

Nas_Bilki:
Wannan tsoro ne na gaskiya, Sadiq, mu ma mun shiga zullumi a lokacin, marasa lafiya suna ta kira suna tambaya. Har yanzu dai muna ba da magani kyauta. In da za a samu yankewa, sai su koma kwaroron roba har a ga ƙwayar ta sake kwanciya. Magana ce da ya kamata su yi tun yanzu su biyu.

AbuHafsat_Zariya:
Ni dai ina nan a kan bakana. A tambayi yarinyar bayan hawaye ya tsaya, ba yanzu ba. Sati uku ya yi kaɗan a yanke irin wannan hukunci. Kuma kada a ɗaura don kunyar an raba katin gayyata.

Maman_Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na karanta wa Mama maganar Nas Bilki da ta 'yar uwa Mai Haƙuri, ta daɗe ba ta ce komai ba. Yau da safe Kawu ya raka su asibitin, shi angon ne da kansa ya ce a buɗe katinsa. Sun ce bai taɓa fashin karɓar magani ba, an kuma ɗebi sabon jini, sai sakamako ya fito. Baba bai sauko ba. Ya ce ko takarda ta yi kyau shi ɓoyewar ce ta tsaya masa a wuya, amma ya yarda a ɗaga bikin zuwa bayan Sallah maimakon a mayar da kaya. Mutane mun ce musu gini ne bai ƙarasa ba. Ita kuma yau ta ɗan sha kunu.

Ɗan_Fagge:
Ni har yanzu da 'yata ce ba zan bayar ba. Amma Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Zee_Kaduna:
Amin. Anti Bilki na tura miki saƙo, don Allah ki duba, ina son sunan gwajin da zan ce a yi mini.